Wace Giranda Ce Za Ta Riƙe Maka Aiki? Kwatanci Kafin Ka Saya

A cikin kayan aikin mai sana'ar ƙarfe babu wanda ke shan wahala kamar giranda. Injin walda yana samun hutu tsakanin ɗauri da ɗauri, injin huda a ɗauke shi ne a ajiye, amma giranda ita ce yanka, ita ce gogar walda, ita ce kankare tsatsa, kuma duk tana yi ne tana shaƙar ƙurar ƙarfen da ita kanta ta tayar. Abu uku ne ke kashe ta: ƙura, zafi, da ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Don haka idan ana maganar giranda mai aminci, ana nufin wadda aka ƙera ta jure waɗannan ukun, wadda girmanta ya dace da aikinka, kuma wadda in ta lalace akwai kayan gyaranta. Lambar wat da aka buga da manyan haruffa a jikin kwali ba ta cikin wannan lissafi sai daga baya.

A fara da girma, domin shi ne ke yanke sauran hukuncin. Ana auna giranda da faɗin dutsen da take ɗauka, wato faifan yanka ko guga: milimita 100, 115, 125, 150, 180 da 230. Masu sana'a sun fi kiransu da inci, wato inci huɗu, huɗu da rabi, biyar, shida, bakwai da tara. Ƙananan, 115 da 125, suna juyawa kamar sau 11,000 zuwa 12,000 a minti ɗaya idan babu kaya a kansu. Mai 180 tana yin kusan 8,500, mai 230 kuwa kusan 6,600. Wannan bambanci ba na rauni ba ne. Yawancin duwatsun yanka da na guga an yi su ne kada bakinsu ya wuce gudun mita 80 a daƙiƙa, kusan kilomita 288 a awa ke nan, saboda haka duk yadda dutse ya ƙara faɗi dole injin ya rage juyi.

Tsakanin 115 da 125, ni dai 125 nake zaɓa wa shago, kuma ga dalili. Sau da yawa jikinsu ɗaya ne, motarsu ɗaya, nauyinsu kusan kilo biyu ne. Misali Makita GA4530 da GA5030 duk wat 720 ne, murfin kariya da girman dutse ne suka raba su. Milimita 10 na faɗi yana ba ka ƙarin zurfin yanka na milimita 5 kawai, wanda a ido ba komai ba ne. Amma kan giranda yana cinye wani sashe na dutsen da ba zai taɓa shiga cikin ƙarfe ba, abin da ya rage maka a 115 bai kai milimita 30 ba. Ƙarin 5 a kan wannan kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na abin da kake amfana da shi, ga zurfi ga tsawon rai. Sannan mai 125 tana karɓar dutsen 115 lafiya lau, ita kuwa mai 115 ba ta karɓar na 125 sai an cire murfi. Inda 115 ta fi ita ce shiga lungu da kusurwa mai ƙunci. Mai 100 kuma ta fi dacewa da aikin da bai da nauyi. Sandarta siririya ce, ramin dutsenta milimita 16 ne maimakon 22.23 da sauran ke da shi, don haka duwatsunta daban ake nema.

Mai 230 wata duniya ce. Tana da wat 2,000 zuwa 2,600, nauyinta kilo biyar zuwa shida, tana shiga zurfin kusan milimita 65 zuwa 70. Wanda ke yankan manyan bim, bututu mai kauri, kankare ko bulo, ba shi da makawa sai ita. Amma ina ganin kuskure ne mutum ya saye ta a matsayin girandarsa ɗaya tilo don kawai ta fi girma. Gogar walda a kan ƙofa ko taga da injin kilo shida yana gajiyar da kafaɗa kafin rana ta yi tsaka, kuma gajiyayyen hannu shi ne ke sakin inji. Idan dutsenta ya maƙale a cikin ƙarfe, fizgar da take yi ba irin ta ƙarama ba ce, tana iya ƙwacewa daga hannun ƙaƙƙarfan mutum. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: idan dutsen 230 ya cinye ya koma faɗin 125, a juyin 6,600 gudun bakinsa ya dawo kamar mita 43 a daƙiƙa, kusan rabin abin da aka yi shi dominsa. Yankan ya yi nawa, mutum ya shiga dannawa, dannawar kuma ita ce ke ƙona mota. Mai 180 tana tsakiya, ta fi sauƙin riƙo, amma kafin ka ɗauke ta ka tabbatar duwatsunta suna samuwa a inda kake saye, domin ba ko'ina ake ajiye su kamar na 125 da 230 ba.

A nan dole in tsaya in yi magana a kan ɗabi'ar cire murfi a ɗaura babban dutse a ƙaramar giranda. Dutsen 230 a injin da ke juyi 11,000 bakinsa yana gudun kusan mita 132 a daƙiƙa. Ƙarfin da ke neman tarwatsa shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kan kansa, wato ya haura ninki biyu da rabi na iyakar da aka yi shi ya yi aiki a kai, ga shi babu murfin da zai tare ɓaraguzan. Haka ma ɗaura zarto mai haƙora na yankan katako. Babu sunan kamfanin da zai cece ka daga wannan. Idan aikinka yana sa ka jin buƙatar yin haka, girman da ka saya ne bai dace ba.

Sai maganar wat. Lambar da ke jikin inji tana nuna wutar da yake ja ne, ba ƙarfin da ke isa ga dutse ba. Wani kaso mai yawa yana tafiya a zafi da gogayyar giya. Manyan kamfanoni sukan rubuta lambobin biyu a takardar bayani, za ka ga injin da ke jan 900 abin da yake fitarwa bai kai 600 ba. Masu arha kuwa ta farkon kawai suke bugawa, wasu ma har da ƙari. Shi ya sa za ka iya samun giranda mai rubutun 1,200 tana durƙushewa a aikin da mai 840 ta kamfani mai suna ke wucewa ba tare da sautinta ya canza ba. Ga mai 125, wat 700 zuwa 900 ya isa yanka da gogar yau da kullum. Wanda ke wuni yana guga da dutse mai kauri, ko yana amfani da burushin waya mai kama da kofi, gara ya hau 1,100 zuwa 1,500, ba don ya yi sauri kawai ba, sai don injin da ke aiki ƙasa da iyakarsa ba ya ɗaukar zafi. Bosch sun sauƙaƙa karatun nasu: GWS 9-125 wat 900 ce mai dutsen 125, GWS 22-230 kuma wat 2,200 mai dutsen 230.

Ainihin bambancin mai kyau da marar kyau yana ciki ne, inda ido ba ya gani a kanti. Motar giranda tana sanyaya kanta da fanka da ke zuƙo iska ta baya ta bi da ita ta kan naɗin waya. Iskar shago kuwa cike take da garin ƙarfe da yashin dutse, kuma amecha, wato ɓangaren mota mai juyawa, tana juyi da gudu mai tsanani, domin giya ce ke rage gudun kafin ya isa ga dutse. Ƙurar nan tana goge fentin da ke jikin wayar a hankali har waya ta taɓa waya, sai ka ji ƙauri, sai hayaƙi. Kowane babban kamfani da hanyarsa ta yaƙar wannan. Makita suna zuba wani kauri na fenti a kan naɗin amecha, suna kuma yin hanyoyi masu lanƙwasa da ke hana ƙura isa ga boris, wato zoben da sanda ke juyawa a cikinsa. Metabo suna da motar da suke kira Marathon mai kariya a kan naɗin. DeWalt suna da tsarin da ke fitar da ƙura kafin ta kai ga mota. Idan ka leƙa ta ramukan iska ka ga wayar tana ƙyalli tsirara babu wani rufi, ka san ba don wuni ana aiki aka yi ta ba. A wasu masu arha ma naɗin na alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, ya fi saurin zafi kuma ya fi wuyar gyara. Rashin nauyin da bai dace da girman inji ba yana iya zama alama.

Bayan naɗi sai giya da boris. Giya mai lanƙwasassun haƙora ta fi mai miƙaƙƙun haƙora laushin sauti da daɗewa, domin haƙora fiye da ɗaya ke ɗaukar nauyi a lokaci guda. Kan giranda ya kasance na ƙarfe mai kauri, ba wanda ke ƙara kamar gwangwani in ka ƙwanƙwasa ba. Kabon kuma, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga amecha, abu ne mai cinyewa, dole ya ƙare, tambayar ita ce yaya yake ƙarewa. Injuna masu kyau suna da kabon da ke yanke wuta da kansa idan ya cinye, ya tsayar da inji kafin sifirin ya fara kartar tagullar amecha. Wanda ba shi da wannan, ranar da kabon ya ƙare yana iya tafiya da amecha gaba ɗaya, abin da ya kamata ya zama gyaran minti goma ya koma sayen sabo.

Kana iya gane abubuwa da dama da hannunka kafin ka biya. Ka kama sandar da ake ɗaura dutse ka girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ta yi wasa ba ko kaɗan. Ka juya ta, ɗan rata tsakanin haƙoran giya ba laifi, amma ba ƙwal-ƙwal ba. A kunna ta babu dutse ka saurara: sauti ɗaya miƙaƙƙe ake so, ba kuka mai hawa da sauka ko karkarwa ba. Ka leƙa wajen kabon, ƙananan tartsatsi a bakinsa daidai ne, amma wuta mai zagaye amecha alamar matsala ce tun daga kwali. Ka taɓa wayar wuta: ta roba mai laushi ta fi ta filastik mai tauri da ke tsagewa a gindi. Murfin kariya kuma a ce ana juya shi da hannu ba sai da sukudireba ba, domin murfin da ke da wahalar juyawa shi ne ake cirewa a jefar.

Game da sunaye, manyan da masu sana'a suka daɗe da su su ne Makita, Bosch, Metabo, DeWalt, Milwaukee da HiKOKI, wanda shi ne tsohon Hitachi da ya canza suna a 2018. A Bosch ka kula da launi: shuɗi na masu sana'a ne, kore na aikin gida ne lokaci-lokaci, bai dace da shago ba. Tsakanin waɗannan manya, a aji ɗaya na farashi, ratar ba ta kai yadda magoya bayan kowane suke faɗa ba. Makita ta yi suna wajen sauƙin ƙira da yawan kayan gyara. Metabo ta yi fice a kulocin da ke sakin giya idan dutse ya maƙale, Makita ma tana da irinsa a wasu samfura da take kira SJS, Bosch kuwa ta fi dogara da na'urar lantarki da ke kashe mota idan ta ji fizga. A ƙasa da su akwai irin su Ingco da Total, waɗanda kuɗinsu ya fi sauƙi sosai. Ba na raina su. Ga mai aikin awa ɗaya ko biyu a rana, ko mai farawa da ƙaramin jari, suna biyan buƙata, kuma sun fi wadda ba a san ko waye ya ƙera ta ba nesa ba kusa ba. Amma wanda giranda ke kuka a shagonsa daga safe zuwa yamma zai ga cewa araha ba ta ado: ba kuɗin sabuwar da zai sake saye ba ne kawai asarar, har da aikin da ya tsaya da mai kaya da ke jira.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne wannan tambaya: idan amecha ta ƙone, ko giya ta ci, ko makunni ya mutu, zan samu na canji? Ka tambayi mai gyara, kada ka tambayi mai sayarwa. Injin da ya fi kowane kyau a duniya, in babu kabon ɗinsa a kusa da kai, ya zama kayan ado. Kuma suna mai farin jini shi ake yi wa jabu. Ka duba lambar samfuri da lambar inji a farantin jikinta, ka gwada da abin da kamfanin ya wallafa na nauyi da wat, ka duba tsaftar rubutu da haɗin roba. Farashin da ya faɗo ƙasa da na kowa sosai shi kansa gargaɗi ne.

Akwai kuma zaɓi tsakanin inji mai sauƙin ƙira da mai na'urorin lantarki a ciki. Na'urar da ke sa inji ya tashi a hankali tana hana fizgar farko, tana kuma rage wutar da inji ke ja lokacin kunnawa, wadda kan ninka ta aiki sau da yawa. A mai 230 ina ganin wannan wajibi ne, musamman ga mai aiki da janareta, domin injin wat 2,200 yana jan kusan amp 10 a wutar bolt 230 tun kafin a zo ga tashin farko. Kariyar sake tashi tana hana giranda kunna kanta idan wuta ta ɗauke ta dawo alhali makunni yana kunne, kuma duk inda wuta ke yawan ɗaukewa wannan ba ƙawa ba ce. Birki yana tsayar da dutse cikin daƙiƙu kaɗan. Amma kowace na'ura ƙarin abin lalacewa ce, wuta marar daidaito tana iya kashe ta, kuma ba naɗa ta ake yi ba, canzawa ake yi ɗungurungum. A ƙaramar giranda ta gogar yau da kullum, mai sauƙin ƙira da kowane mai gyara ya sani tana da hujjarta. Ko wacce ka ɗauka, doguwar waya siririya tana rage ƙarfin wuta ta sa mota zafi. Ga babbar giranda a nemi waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5.

Makunni iri biyu ne. Na turawa yana kullewa, hannu ya huta a doguwar guga, amma in inji ya kuɓuce yana ci gaba da gudu. Na matsawa, wanda ke ƙarƙashin yatsu, da ka saki ya mutu. Ga yanka, ga aiki a kan tsani, ga shagon da ke da yara masu koyo, na matsawa ya fi.

To mai batir fa? Ta ci gaba ƙwarai, musamman masu motar da ba ta amfani da kabon, waɗanda ba su da kabon da za a canza kuma ba sa ɗaukar zafi da wuri. Amma a yi lissafi. Batir mai bolt 18 da amp-awa 5 yana ɗauke da wat-awa 90. Idan aiki mai nauyi yana jan wat 900, minti shida ke nan na dannawa ba tsayawa. Yanke-yanken rodi nan da can zai kai ka nesa, gogar walda ta wuni guda kuwa sai da batura da yawa suna jiran juna a caja. Tsarin bolt 40 na Makita da na 54 na DeWalt sun ƙara ƙarfi, sun kuma ƙara nauyi da tsada, ga shi batirin wani kamfani ba ya shiga na wani. Ga mai fita aikin waje, hawa rufi ko ɗaura ƙofa inda babu wuta, tana da amfani matuƙa. A kan teburin shago mai waya ce uwar aiki. Mai amfani da iska kuma ba ta ƙonewa kuma ba ta da nauyi, sai dai tana buƙatar babbar kwamfuresa, ta manyan masana'antu ce.

Mai rage gudu, wadda ke sauka zuwa kusan 2,800, sai in kana aikin bakin ƙarfe marar tsatsa, goge fenti ko sa ƙyalli, inda yawan gudu ke ƙona fuskar aiki. In ba haka ba kada ka biya kuɗinta. Tsarin X-LOCK da Bosch ta fito da shi a 2019 yana sa canza dutse ya zama dannawa ɗaya babu sifana, amma injin ba ya karɓar dutse na gama-gari. Sanda mai zaren M14 da noti ita ce ke ba ka 'yancin sayen dutse a ko'ina; ta Amurka kuma zarenta na inci ne, biyar bisa takwas, a kula idan injin daga can ya fito.

Kada a manta da hannun da zai riƙe ta. Girgiza ta shekaru tana kashe jijiyoyin yatsu, har mutum ya riƙa jin sanyi da mutuwar jiki a cikinsu. A dokar Tarayyar Turai, matakin da ake fara ɗaukar mataki shi ne 2.5 a ma'aunin girgiza na awa takwas, iyaka kuma 5, girandoji da yawa kuwa suna wuce 5 a lokacin guga. Mariƙin gefe mai roba mai shanye girgiza, da jiki siriri da yatsu ke zagayewa, abubuwa ne da za ka gode musu bayan shekaru. Ƙararta kuma ta kai ta lalata ji, kuma ƙurar yankan kankare da tayil tana illata huhu, don haka abin toshe kunne, tabarau da takunkumi suna cikin kuɗin sayen giranda.

Dutse mai kyau yana tsawaita ran inji fiye da yadda ake zato, domin yana ci da kansa ba sai an danna ba. Na yanka mai kaurin milimita 1 zuwa 1.6 ya fi sauri a ƙaramar giranda, amma ba a guga da gefensa. Na guga kaurinsa kusan 6 ne. Duwatsun da aka haɗa da ƙaro suna da wa'adi, yawanci shekara uku, ana buga ranar a zoben ƙarfen tsakiya. Ka nemi alamar EN 12413 a jiki, ka tabbatar juyin da aka rubuta ya kai ko ya wuce na injinka.

Idan shagon walda ne na ƙofofi, tagogi da gadaje, shawarata ita ce giranda biyu masu 125, masu waya, daga layin masu sana'a, wat 900 zuwa 1,200, ɗaya da dutsen yanka ɗaya da na guga. Ba a ɓata lokaci wajen kwance noti, kowacce tana hucewa yayin da ɗayar ke aiki, kuma in ɗaya ta tafi gyara shago bai tsaya ba. Idan samfuri ɗaya ne, kabon da sauran kayan gyara ma iri ɗaya za ka ajiye. Mai 230 ta zo ta uku, ranar da aikin manyan ƙarafa ko gini ya fara shigowa, kuma a ɗauki mai tashi a hankali. In kuɗin bai kai biyu masu kyau ba, a sayi mai kyau ɗaya a ba ta guga, wadda ita ce aiki mai cin mota, a bar wa mai arha yankan siraran ƙarafa. A ƙarshen kowane mako a hure ramukan iska da kwamfuresa, a duba kabon kafin ya kai ƙarshe, kuma bayan aiki mai nauyi a bar ta ta yi gudu babu kaya na kamar minti ɗaya domin fanka ta fitar da zafin kafin a kashe.